Tambaya da Amsa: Me ya kai gyaɗar Kano Burutu?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, dan Allah wai ina ne Burutu? Kakanmu kafin ya rasu kullum sai ya ce a can ya yi dako yana saurayi, wai buhunan gyaɗar Kano suke lodawa a jirgin ruwa, mu kuma abinda muka sani gyaɗa Ikko take tafiya a jirgin ƙasa. Ko tsufa ne ya sa yake haɗa labari? Daga mai karatu a Fagge.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan tsoho, ba ruɗewa ya yi ba, ku ne dai baku tambaye shi da kyau ba.

Burutu tana jihar Delta ta yanzu, ƙasar Ijaw ce, a bakin kogin Forcados wanda reshe ne na kogin Kwara dab da inda zai faɗa teku. Wurin masunta ne, abinda ya ɗaga ta shine kamfanin Royal Niger na George Goldie da gwamnatin Ingila ta ba izinin mulki da ciniki a 1886. Da farko a Akassa suka kafa hedikwata, can ne ma Sarki Koko na Nembe ya kai musu hari a 1895 saboda sun hana mutanensa cinikin manja, daga baya harkar jiragensu ta tattara ta koma Burutu. A 1900 gwamnati ta karɓe mulkin ta bar musu kasuwanci, 1920 Lever Brothers suka saye kamfanin, 1929 aka haɗe shi da wani ya zama United Africa Company, wato UAC ɗin da iyayenmu suka sani.

Toh ga inda maganar take. Babban jirgin teku baya iya hawa Kwara, zai kafe a yashi, ƙananan jiragen kogi kuma basa iya teku, dole a samu wurin da za a sauke daga wannan a ɗora ma wancan, kaga aikin Burutu kenan. Shi yasa aka cika ta da sito-sito da wurin gyaran jirage da makanikai da 'yan dako, har da mutanenmu na arewa irin kakanku. Manja, ƙwayar kwakwar manja, auduga, fatu, gyaɗa, duk ta nan suke bi.

Kuma mutane suna mantawa layin dogon da ya fara shigowa Kano a 1911 ba daga Ikko aka faro shi ba, daga Baro ne a bakin Kwara, cikin jihar Neja ta yanzu. Kaya su sauka Baro a jirgin ƙasa, a juye su a jirgin ruwa sai Burutu. Kuna da gaskiya dai, mafi yawan gyaɗar dala Ikko ta nufa bayan an haɗe layukan, don kogin sai da damina yake cika sosai. Ta Binuwai ma haka, jirage suna kaiwa Yola har Garwa a Kamaru amma na ɗan lokaci ne, ruwa na janyewa shikenan sai baɗi.

Faɗuwar Burutu kuwa ba a daɗe ba. Yashi ya dinga toshe bakin Forcados, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da zirga-zirgar kogi, tashar ta koma hannun hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa, tireloli suka kwashe lodi, gyaɗar kanta fari da cuta suka gama da ita a shekarun 1970, hankalin kowa ya koma fetur. A ganina laifinmu ya fi na yashi yawa, tunda yashi ana kwashe shi. An ƙaddamar da yashe Kwara a 2009, an buɗe sabuwar tashar Baro a 2019, amma ka shiga kasuwar Dawanau ka tambayi masu fitar da riɗi da zoɓo ta ina kayansu suke bi, tirela ce har tashar jiragen ruwa ta Apapa a Ikko.