Kwana nawa ya kamata in yi a gidan ɗana?

Hajiya, kin ce kina Kaduna, ɗanki yana aiki a Abuja, kina marmarin ganin jikoki amma kina tsoron takura wa surukarki. Ni dai shawarata, kwana uku ya isa. Ki tafi ranar Juma'a, ki dawo Litinin, don a ranakun aiki da sassafe kowa ke ficewa, a bar ki ke kaɗai da talabijin.

Ki hau jirgin ƙasa daga Rigasa ki sauka a Kubwa ko Idu, duk wanda ya fi kusa da gidansu. Tafiyar 'yan awanni ce. Ki sa ɗan naki ya yanka miki tikiti ta intanet tun da wuri.

Kada ki yi musu zuwan bazata. Na taɓa yi wa 'yata haka, na tarar sun tafi biki, na wuni a gidan maƙwabta da ƙullin daddawa a cinyata. Ki faɗa wa surukar da bakinki, ba ta bakin mijinta ba, za ta ji kin girmama ta. In kin ga abin gyara a gidan, ki ja ta gefe ki faɗa mata a hankali.

Tsaraba kuwa, kuka da daddawa da man shanu na uwargida, alkaki na yara. Ni jikana da ya hango ni yake rugowa yana "ga matata ta zo", hannunsa na cikin jakata kafin in zauna. Allah Ya kai ki lafiya.