Tambaya da Amsa: Sauya manhajar cikin rutar ba tare da an kashe ta ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramin shago a unguwar Sabon Gari a nan Damagaram, inda nake cajin wayoyi kuma nake sayar wa matasan unguwa intanet ta waifai. Da dare idan mutane suka taru, sai mutum ɗaya mai sauke bidiyo ya cinye wa kowa layin. Wani ɗalibin jami'a ya ba ni shawarar in cire manhajar da rutar ɗina ta zo da ita in sa wata mai suna OpenWrt, har ya ce zan iya harhaɗa tawa da kaina. Na'urar TP-Link ce, TL-WR841N, na saye ta a Kasuwar Dole shekarun baya. Abin zai yiwu kuwa, kuma ba zan kashe na'urar ba?

Daga wani mai karatu a Sabon Gari, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa neman albarka. Shawarar ɗalibin nan tana da tushe, sai dai na'urar da ke hannunka ba ita ce ta dace da aikin ba, kuma gara in faɗa maka haka tun yanzu kafin ka ɓata kuɗinka da lokacinka.

Kowace rutar ƙaramar kwamfuta ce, tana da ma'ajiya inda manhajar da ke tafiyar da ita take zaune. OpenWrt manhaja ce mai buɗaɗɗen tushe, wato kowa na iya ganin rubutunta ya gyara, an gina ta a kan Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta, ta samo asali a shekarar 2004 bayan da aka matsa wa kamfanin Linksys ya fitar da rubutun manhajar na'urarsa WRT54G, domin lasisin GPL ya wajabta wa duk wanda ya rarraba irin wannan manhaja ya bayyana rubutunta. Tun daga nan masu aikin sa kai suke faɗaɗa ta, har ta kai tana aiki a kan ɗaruruwan na'urori. Amma manhajar ta yi ta girma, na'urorin da kuwa suna nan yadda aka ƙera su. Mafi yawan zubin TL-WR841N megabayit 4 ne kawai na ma'ajiya da megabayit 32 na ƙwaƙwalwar aiki, kuma fitowa ta 19.07 ita ce ta ƙarshe da masu OpenWrt suka tallafa wa irin waɗannan ƙananan na'urori. Ko da ka cusa tsohuwar fitowa a ciki, ba za ta samu gyaran tsaro ba, kuma wurin da za ka ƙara abin da kake buƙata ba zai ishe ka ba. Ka nemi wadda take da aƙalla megabayit 16 na ma'ajiya da 128 na ƙwaƙwalwa, kamar Archer C7 zubi na 2, ka bar tsohuwar ta ci gaba da kawo maka cefane har sabuwar ta tsaya da ƙafarta.

Idan ka samu na'urar, ka kifa ta ka karanta ƴar takardar da ke manne a ƙarƙashinta. Kusa da sunan za ka ga harafin V da lamba, wato zubin na'urar. Wannan ƴar lamba ta fi sunan muhimmanci, domin kamfani yakan riƙe suna ɗaya da kwali ɗaya alhali ya sauya kayan ciki gaba ɗaya. Ita kanta TL-WR841N ɗinka tsofaffin zubinta ƙwaƙwalwar sarrafawa ta kamfanin Atheros ce a ciki, zubi na 13 kuwa ta kamfanin MediaTek ce. Manhajar da aka gina wa wannan ba za ta tayar da wancan ba.

Batun harhaɗawa kuma, ra'ayina shi ne kada ka fara da gina komai daga tushe. Wannan aiki yana buƙatar kwamfuta mai Linux, da fili mai yawa a faifai, da sauke kaya masu nauyi, ga shi ginin farko yakan ɗauki sa'o'i, abin da ba ƙaramin tsada ba ne ga mai sayen intanet da kuɗinsa. Akwai hanya ta tsakiya mai suna Image Builder, wadda take ɗauko kayan da aka riga aka gina ta ɗaure maka su a fayil guda cikin ƴan mintoci. A nan za ka zaɓi LuCI, wato shafin da ake sarrafa na'urar da shi, ka ƙara luci-app-sqm, wanda shi ne maganin ciwon da ka kawo. Shi SQM yana jera wa bayanai layi ne, ta yadda mai sauke bidiyo ba zai danne mai kiran WhatsApp ba. Ana auna saurin layin, a sa masa iyaka kaɗan ƙasa da abin da aka auna, kamar kashi 90 cikin 100.

Yanzu ga inda haɗarin yake, wato rubuta sabuwar manhajar a cikin na'urar, ko filashin, kamar yadda masu gyaran waya suke faɗa. Fayil iri biyu za ka samu: mai ɗauke da kalmar factory shi ake sa wa na'urar da har yanzu take kan manhajar kamfani, mai ɗauke da sysupgrade kuma na sabunta wadda ta riga ta koma OpenWrt ne. Ka tabbatar da lambar SHA-256 ta duk fayil ɗin da ka sauke, wato lambar da ke shaida cewa fayil cikakke ne, ta yi daidai da wadda aka wallafa, domin a layin da ke yankewa fayil yakan sauko da giɓi ba tare da ya nuna ba. Ka haɗa kwamfuta da rutar da kebul, ba ta waifai ba. Sannan, kuma wannan shi ne abin da ya fi shafar mu a Damagaram, kada ka dogara da kuran ɗin gari, musamman a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke tsananta wuta kuma take yawan ɗaukewa. Rubutun ƴan mintoci ne kawai, amma a cikinsu na'urar ta goge tsohuwar manhaja ba ta gama rubuta sabuwa ba. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure da wata azahar: fankar sama ta tsaya, fitilun rutar suka mutu, da wuta ta dawo sai fitila ɗaya ta riƙa ƙyaftawa tana sake tashi ba iyaka. Tun daga ranar nake jona na'urar da batirin sola ta hanyar na'urar canza wuta kafin in taɓa komai.

Na'urar da ta shiga wannan hali ba lallai ba ne ta mutu. Akwai wata ƴar manhaja ta farko, U-Boot a yawancinsu, wadda filashin na yau da kullum ba ya taɓa ta, kuma a na'urorin TP-Link da dama idan ka danne maɓallin sake saiti yayin kunnawa takan nemi fayil ɗin ceto daga kwamfutarka ta hanyar TFTP, wata sauƙaƙƙiyar hanyar tura fayil tsakanin na'urori. Saboda haka ka sauke manhajar kamfani ta zubinka, ka karanta matakan ceton ka rubuta su a takarda tun kana da intanet. Idan ka kai ga buɗe kwalin don jona wayar siriyal, wadda ke haɗa kwamfuta kai tsaye da allon cikin na'urar, ka sani volt 3.3 take aiki da shi, waya uku kawai ake jonawa, ba a taɓa ta wuta. Da zarar OpenWrt ta tashi kuma, ka kwafe sashen ART ka adana, domin a nan ne awon rediyon na'urarka yake, kuma na kowace na'ura daban ne.

Kada hankalinka ya tashi idan bayan an gama ba ka ga waifai ba, domin OpenWrt takan tashi da shi a kashe. Ka buɗe adireshin 192.168.1.1 a kwamfutar da ka jona da kebul, ka fara sa kalmar sirri, sannan ka zaɓi Nijar a matsayin ƙasa, ka kunna rediyon, ka gwada SQM da wayoyi biyu ko uku na ƴan gida kafin ka ɗora wa abokan cinikinka.