Zan iya cire kuɗin ISA ɗina in kai su dandali mai arha?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Birmingham, shekarata takwas a Birtaniya. Na tara fam 38,000 a asusun ISA na hannun jari (asusun Birtaniya da ba a karɓar haraji a kan ribarsa), amma kamfanin da ke riƙe mini asusun yana yankar kashi 0.45 cikin ɗari duk shekara. Ina so in kwashe kuɗin zuwa asusuna na banki, sannan in buɗe sabon ISA a inda caji ya fi sauƙi. Wane dandali ya kamata in zaɓa? Jarin halal kaɗai nake zuba wa kuɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin mu zo maganar dandali, wato kamfanin da zai riƙe miki asusun, ki dakata da batun kwashe kuɗin nan. A nan ne mutane suke yin asarar da ta fi cajin da suke gudu.

Amfanin ISA shi ne duk ribar da jari ya kawo a cikinsa babu haraji a kanta. Amma gwamnati ta ƙayyade abin da mutum zai zuba a shekarar haraji ɗaya, wato daga 6 ga Afrilu zuwa 5 ga Afrilun shekara mai zuwa: fam 20,000. Ranar da kika tura fam 38,000 ɗin nan zuwa asusunki na banki, sun fita daga inuwar ISA. In kika zo mayarwa, sabon zubi za a ɗauke su. Fam 20,000 za su shiga, 18,000 su tsaya a waje sai baɗi, kuma kin cinye kason bana da ya kamata albashinki ya cike. In ma kin riga kin zuba wani abu a bana, abin da zai shiga bai kai 20,000 ba.

Hanyar da ta dace ita ce ki buɗe asusu a sabon dandalin, ki cike fom ɗinsu na sauya ISA, ki ba su lambar tsohon asusun. Su za su nemi tsohon kamfanin su karɓo dukiyarki. Wannan sauyin ba ya taɓa kason fam 20,000 ko kaɗan. A ƙa'ida, ISA na hannun jari ya kamata a gama sauya shi cikin kwana 30, ko da yake a aikace yakan ɗan ja.

A fom ɗin za a tambaye ki: a sayar da jarin a turo tsabar kuɗi, ko a ɗauko shi yadda yake? Ni na fi son na biyun. In an sayar, kuɗinki zai yi kwanaki a hanya ba ya cikin kasuwa, in farashi ya tashi a tsakanin nan sai ki sake saye da tsada. Sai dai ɗaukowa yadda yake ba ya yiwuwa sai sabon dandalin yana sayar da irin jarin da kike da shi.

Wannan kuwa shi ne ma'auninki na farko, tunda halal kike nema. Vanguard, alal misali, ya yi suna wajen arha, amma nasa kayan kaɗai yake sayarwa, ba za ki sami HSBC Islamic Global Equity Index Fund ko iShares MSCI World Islamic a can ba. Wasu manhajojin da ba sa cajin riƙe asusu kuma ETF (kunshin jari da ake saye da sayarwa a kasuwar hannun jari) da hannayen jarin kamfanoni kawai suke da su. Don haka ki fara rubuta sunan jarinki a wurin bincike na kowane dandali. Wanda bai nuno shi ba, ki tsallake shi komai arharsa. Ki kuma tambaya ko za a iya dakatar da kuɗin ruwa da wasu ke sakawa a kan tsabar kuɗin da ke zaune a asusu.

Sai lissafi, kuma da fam za ki yi shi, domin kashi-cikin-ɗari yana ruɗar ido. Yanzu kina biyan fam 171 a shekara. Dandalin da ke karɓar kashi 0.25 zai ci fam 95. Wanda ke karɓar tsayayyen kuɗi, a ce fam 12 a wata, zai ci fam 144. A yau mai kashi 0.25 ya fi miki. Amma in jarin ya wuce fam 57,600, lissafin ya juya, mai tsayayyen caji ya zama mai arha. Ki duba inda kike sa ran kai wa nan da shekara uku ko huɗu.

Akwai ƙananan caji da ke cinye rarar a ɓoye. In ana karɓar fam 5 duk saye, ke kuma kina saye kowane wata, fam 60 ke nan, daga cikin rarar fam 76 (tsakanin 171 da 95) da kika yi ƙaura dominta saura 16. Dandamali da yawa suna rage wannan cajin ga mai zubin wata-wata kai tsaye daga banki, ki nemi wannan tsarin. Haka kuɗin canji: wasu ETF ana sayar da su a kasuwar Landan da dala da kuma fam, ki zaɓi na fam. Cajin da masu kula da jarin kansa ke ɗauka kuwa, wannan zai bi ki duk inda kika je. Ki tambayi tsohon kamfanin ko yana da kuɗin fita.

Ki tabbatar sunan kamfanin yana rajistar FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin kuɗi a Birtaniya, kuma yana ƙarƙashin tsarin diyya na FSCS, wanda ke biyan har fam 85,000 ga mai jari in kamfanin ya durƙushe. Faɗuwar farashi a kasuwa ba ta cikin wannan diyyar.

In akwai niyyar komawa gida, ki yi wannan tambayar tun yanzu. Doka ta yarda ki ci gaba da riƙe ISA ɗinki bayan kin bar Birtaniya, sabon zubi ne kawai aka hana. Amma ba kowane dandali ke yarda ya riƙe asusun wanda ya koma zama a Najeriya ko Nijar ba. Ki aika musu saƙo, ki karɓi amsarsu a rubuce kafin ki sa hannu a fom.