Amsa ga ƙanwata da aka ɗora wa rahoton muhalli

Salamu alaikum. Ƙanwata, kin ce manajanku ya ɗora miki rubuta rahoton kula da muhalli na kamfani, irin wanda babu dokar da ta tilasta, bai ba ki mataimaki ko sisi ba, kina tambayar ta ina za ki fara. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don irin kayan nan aka taɓa ɗora mini a filin jirgin Accra, ɓangarenmu na masu yi wa jirgi hidima a ƙasa.

Kada ki rubuta lamba ko ɗaya wadda takardarta ba ta hannunki. Ganin dama ne kafin a buga shi. Ranar da ya fita da sunanki a jiki, ke za a riƙe.

Ni na tattara komai tsakani da Allah: rasit ɗin dizal na motocin tura jirgi da na jan kaya, na injin da ke ba jirgi wuta in ya tsaya, bil ɗin kamfanin wutar lantarki na Ghana, ECG, da man da babban janareta ya sha duk lokacin da aka ɗauke wuta. Manajan ya duba, ya ce lambar ta yi nauyi, kamfanonin waje ba za su ji daɗinta ba, in cire janaretan tunda na haya ne. Na ce masa mu ke zuba mai, mu ke kunnawa. Na ƙi. Sai ya karɓi fayil ɗin ya cire da hannunsa, ya bar sunana. Da wani kamfanin jirgi na Turai ya turo mai bincike kafin sabunta kwantiragi, matar nan ta ɗauko takardun sayen mai daga ofishin akanta ta gwada da rahoton. Ba su yi daidai ba. A gaban kowa manajan nan ya nuna ni da biro ya ce, "Ita ce ta haɗa." Mutumin da ya zo sunan ɗana a Nima, ya ci tuwo a gidanmu! Bakina ya mutu. Abokan aiki kowa ya sunkuyar da kai, har waɗanda suka san gaskiya. A trotro na yi ta kuka har gida, wata tsohuwa tana ba ni haƙuri, ta ɗauka rasuwa aka yi mini. Abin da ya cece ni shi ne rahoton farko da na tura masa ta imel, da kwanan wata a jiki. Har yau bai ce in yi haƙuri ba. Muna haɗuwa ya gaishe ni kamar ba a yi komai ba, wannan ya fi yi mini ciwo.

To, ki fara da sito da akanta, ba da kwamfuta ba. Tunda ku kamfanin jirgi ne, lissafin manku yana nan. In kuna ƙetare iyaka kuma hayaƙin waɗannan tafiye-tafiyen ya wuce tan 10,000 a shekara, tsarin CORSIA na lissafi da rage hayaƙin jirage, na hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ICAO, ya wajabta muku kai rahoto tun 2019, ki nemi wanda ke cika wancan ki zauna da shi. Kowane kilo na man jirgi yana fitar da kilo 3.16 na iskar kabon. Ki lura, kilo ne ba lita ba, nan mutane ke faɗawa rami. Dizal kuwa kusan kilo 2.7 ne a kowace lita. Ki ware abin da kuka ƙona da kanku daban, wutar da kuka saya daban. Abin da ba ki samu lissafinsa ba, ki rubuta ƙarara cewa ba a samu ba.

Manyanku za su so ki kwafo alkawarin da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta yi a 2021 na kawar da hayaƙi nan da 2050. In kamfaninku ba shi da shiri a ƙasa, kada ki sa. A Maris 2024 wata kotu a Amsterdam ta yanke cewa tallace-tallacen kare muhalli na kamfanin jirgin Holland, KLM, sun yaudari mutane, balle mu. Kuma ganin daman nan ba zai daɗe ba, zango na biyu na CORSIA zai fara a 2027, ƙa'idojin duniya na rubuta irin wannan rahoto, IFRS S1 da S2, sun fito tun 2023.

Don Allah ki sa ma'aikata a ciki. Raina na ɓaci in ga rahoto cike da hoton manya suna dashen itace, alhali yaranmu masu loda kaya suna cikin rana da ƙarar inji, wasu babu abin toshe kunne. Lokacin jigilar alhazai ki je ki ga yadda suke kwana a tsaye. Tsarin GRI, wanda kamfanoni ke bi wajen rubuta irin wannan rahoto, yana da sashen lafiyar ma'aikata, ki cika shi da gaskiya.

Duk gyaran da manaja ya ce ki yi, ki ce ya turo a rubuce, ki ajiye kwafi. In kin gama na farko ki turo mini in duba kafin ya kai teburinsa.