Amsa ga ɗana a kan kayan kafintancin Kaka

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka tarar da akwatin marigayi Kakanku a gidan Tudun Wada, da zarto biyu, da magagarai, da kurfi, da bakin abin goge katako, duk sun yi tsatsa, kana so ka mai da su wuƙaƙe kafin Babbar Sallah. Kana tambaya ko al'ada ta yarda, tunda mu ba gidan maƙera ba ne.

Ta yarda. Tun da can tsohon ƙarfe maƙera ake mayarwa: fartanya in ta cinye a fitar da lauje ko 'yar wuƙa a jikinta. Amma kayan nan gado ne. Kafin ka taɓa ko magagari ɗaya, ka tambayi iyayenka da gwaggwanninka, a raba ko su yafe maka. Ita kuwa ƙira sana'ar gado ce, shi ya sa ba a shiga maƙera kai tsaye a ɗauki masaba. Ka je kasuwar Panteka ka sami maƙeri, ka gaishe shi, ka biya kuɗin gawayi da na wuta. Yanka da gurza ka iya yi da hannunka. Ban-ruwa kuwa, wato tsoma jan ƙarfe a ruwa ko mai don ya taurara, a karon farko, ka tsaya ka kalli nasa.

To, ba duk ƙarfen akwatin ne ke son wuta ba, nan mutane suke ɓarna.

Zarton hannu kaurinsa bai cika kai milimita 1 ba, kuma an riga an ba shi ruwa tun daga masana'anta. In ka sa shi a wuta zai lanƙwashe kamar ganye. Ka zana siffar wuƙar a jikinsa, ka yanke a sanyi, ka riƙa gurzawa kana tsomawa a ruwa bayan kowace daƙiƙa 2 ko 3. Da ka ga bakin ya koma shuɗi, ka ƙona shi, wurin ba zai sake riƙe kaifi ba sai ka gurje shi ya fita. Wuƙar zarto ta yanka albasa ce da kuɓewa da fere doya, ko ta aikin fata. Kada ka kai ta ga ƙashi. Faifan zarton inji mai ɗan ƙarfe liƙe a kan kowane haƙori kuwa, ƙarfin yana haƙoran ne, jikin sau da yawa ba ya shan ruwa sosai. Bakin abin goge katako shi ma a sanyi ake aikinsa; tsofaffi masu kauri, ƙarfen kirkin siriri ne a fuska ɗaya kusa da baki, sauran taushi gare shi. Kurfi in bai lalace ba ka bar shi kurfi, ya fi amfani haka.

Magagari shi ne abin nema. Tsohon magagari yana da kabon, sinadarin da ke sa ƙarfe tauri, kusan kashi 1 cikin 100, shi ya sa yake cin sauran ƙarafa, shi ya sa kuma yake tsinkewa in ya faɗi kan siminti. Wasu na zamani masu araha fatar waje kawai aka taurara, ciki ƙarfen ƙusa ne. Gwaji ba wuya: ka ɗora shi kan injin wasa ƙarfe har ya wuce fatar wajen, in tartsatsin na fashewa yana rassa da yawa, mai kyau ne, in dogo ne siriri ba ya fashewa, ka ajiye.

Da farko a kashe taurinsa. A sa shi cikin gawayin ƙirya, a zuga har ya yi ja, har maganaɗisu ya daina kama shi, wato wajen digiri 770. A binne cikin toka ya kwana. Washegari sai a gurje haƙoran gaba ɗaya kafin a soma dukansa, don kowane haƙori da aka danne da masaba wurin tsagewa ne nan gaba. Magagari mai tsawon santimita 30 zai ba ka ruwan wuƙa 18 da gindi 11 na shiga ƙota. Huda biyu ko uku na gindin yanzu ake yin su, bayan ban-ruwa huda shi sai da wahala. Bakin kuma kada a wasa shi har ƙarshe, a bar masa kaurin milimita 1, in ba haka ba zai murɗe ko ya tsage a cikin mai.

Ban-ruwa a inuwa ake yi, ko da almuru, don hasken rana yana ɓoye launin ƙarfe, ka ɗauka bai yi ja ba alhali ya wuce. A mayar da wuƙar wuta, in maganaɗisu ya saki, a ƙara 'yan daƙiƙu, a tsoma cikin man gyaɗa mai ɗumi, kamar lita 2 a gwangwanin ƙarfe, a tsaye, tsini ƙasa, ana motsawa sama da ƙasa. In aka kaɗa gefe da gefe, fuska ɗaya za ta riga ɗaya hucewa, wuƙar ta karkace. Maƙera da dama da ruwa suke yi, hannunsu ya saba. Ƙarfen magagari kuwa a hannun baƙo, ruwan sanyi ƙas za ka ji, ya tsage. Baƙin mai na mota ka ƙyale shi, hayaƙinsa guba ne. Ka ajiye murfi kusa, mai yakan kama wuta. Da ya huce, ka goga wani magagarin a bakin: in ya zame bai ci ba, ruwa ya shiga.

A nan wuƙar kamar gilashi take, kada ta kwana haka. In akwai abin gashin burodi, digiri 200, awa 1, a bari ta huce, a maimaita. In babu, a goge ruwan wuƙar ya yi fari, a ɗora bayanta kan ƙarfe mai zafi ana kallon launi yana gangarowa. Baya ya yi shuɗi ba laifi, amma da baki ya yi launin busasshen kara sai a tsoma a ruwa.

Ƙota ta maɗaci ko marke, busasshe sosai, don ɗanye zai tsuke da hunturu ya sake. Ɓari biyu, gam, ƙusoshin tagulla a cikin hudojin nan. Sannan a wasa a dutse da ruwa, kube kuma ka kai wa baduku.

Ƙarfen nan yana tsatsa da wuri, balle da damina irin ta Kaduna: a wanke, a tsane, a shafa mai, kada a mayar kube da danshi. Ranar layya kuma ka wasa wuƙarka tun kafin a kawo rago, ba a wasawa a gaban dabba. In ka miƙa wa mutum, ƙota gare shi, tsini gare ka.

Wuƙar farko da ta fito da kyau, ka kai wa babbar gwaggonku. Ka gaida mutanen gida.