Ƙananan ƙasashen CARICOM ɗin nan, yaya suke ciniki da manya?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ji a labarai shugabannin Afirka sun zauna da wata ƙungiya wai ita CARICOM a Addis Ababa, aka ce ƙananan tsibirai ne. To abin da ya ɗaure min kai, ƙasar da jama'arta ba su kai na ƙaramar hukuma ɗaya a Kano ba, yaya za ta ƙulla yarjejeniyar kasuwanci da Turai ko Amurka ba a danne ta ba?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Maganar gaskiya ana danne su, shi ya sa ma suka haɗa kai. An kafa CARICOM, wato ƙungiyar ƙasashen yankin Karebiyan, a 1973 a Chaguaramas da ke Trinidad, ƙasa huɗu suka fara, Barbados da Jamaika da Guyana da Trinidad da Tobago, yanzu mambobi 15 ne, hedikwata tana Georgetown a Guyana. Kuma ba duka ne tsibirai ba fa, Guyana da Suriname a Kudancin Amurka suke, Belize a Amurka ta Tsakiya. St Kitts da Nevis mutanenta ba su kai dubu 60 ba, ita kuwa Haiti ita kaɗai ta haura rabin jama'ar ƙungiyar.

In kana so ka gane halin da suke ciki, bi labarin ayaba. A 1975 aka sa hannu a yarjejeniyar Lome a Togo, Turai ta bai wa tsoffin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka a Afirka da Karebiyan da Fasifik gata a kasuwarta. Manomi a St Lucia ko Dominica ko St Vincent, gonarsa 'yar eka kaɗan ce a jikin tudu, shi da iyalinsa za su sare ayaba su wanke su jera a kwali su kai tashar jirgin ruwa duk mako, a wuce da ita Ingila a saya da daraja. Da wannan kuɗin aka gina gidaje aka biya kuɗin makaranta. Sai Amurka da Ecuador da wasu ƙasashen Latin Amurka suka kai ƙarar Tarayyar Turai gaban ƙungiyar kasuwanci ta duniya WTO, a 1997 aka ce su ke da gaskiya. Ita Amurkar ba ayaba take kaiwa Turai ba, kamfanoninta ne irin su Chiquita ke da manyan gonaki a Latin Amurka. Gatan ya riƙa zagwanyewa, mai eka uku ba zai iya ja da farashin mai eka dubbai ba, manoma da yawa suka bar gona. Sukari ma haka, St Kitts ta rufe masana'antarta a 2005, daga 2006 Turai ta fara zaftare kashi 36 na farashin da take biya. Wannan abu har yau yana ci min rai, domin waɗanda suka ji jiki ba su cikin zauren da aka yanke hukuncin.

Daga nan aka zo EPA, wato yarjejeniyar haɗin gwiwar tattalin arziki, wadda suka sa wa hannu da Tarayyar Turai a 2008 tare da Jamhuriyar Dominika (ƙasa ce daban da Dominica mai ayaba, kuma ba ta cikin CARICOM). Wannan ba kyauta ba ce, ba ni gishiri in ba ka manda ce: kayansu na shiga Turai ba haraji ba iyaka, su kuma za su janye harajin kwastam a kan mafi yawan kayan Turai sannu a hankali cikin shekara 25. Matsalar ita ce ƙaramar gwamnati da kuɗin kwastam take biyan albashi. Kuma a buɗe maka ƙofa daban, a ce kana da kayan da za ka shigar waɗanda suka cika sharuɗɗan inganci na Turai daban. Irin wannan EPA ɗin ce Najeriya ta ƙi sa wa hannu a Afirka ta Yamma don tsoron masana'antunta, Ghana da Kwaddibuwa suka yi tasu ta wucin gadi. Najeriya tana da kasuwar da za ta ce a'a da ita, St Vincent ba ta da.

Da Amurka akwai shirin CBI tun 1983, da Kanada akwai CARIBCAN tun 1986, duka rangwamen harajin kwastam ne na ɓangare ɗaya, mai shi in ya ga dama ya janye. Sun kuma ƙulla da maƙwabta, Venezuela 1992, Colombia 1994, Cuba 2000, Costa Rica 2004. A kan China kuwa bakinsu bai zo ɗaya ba, don Belize da Haiti da St Kitts da St Lucia da St Vincent da Taiwan suke hulɗar diflomasiyya, ba da China ba.

Taron da ka ji na Satumban 2025 shi ne na biyu, na farko ta intanet aka yi a 2021 Kenya ta jagoranta, kuma bankin shigo da kaya da fitar da su na Afirka, Afreximbank, ya buɗe ofis a Barbados a 2023. Ina goyon bayan abin ɗari bisa ɗari, amma cinikin da ke tsakaninmu da su kaɗan ne ƙwarai, kuma babban cikas sufuri ne. Ɗan kasuwa daga Legas ko Accra mai son zuwa Bridgetown, babban birnin Barbados, galibi sai ya bi ta Landan ko Amurka, ga neman bizar ratse, kwantenarsa ma sai an sauke ta a wata tashar an sake lodi, kafin ta isa kuɗin dako ya cinye ribar.