Safiya Tana Gagarata, Anti

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Malamar firamare ce ni a Pantami, nan Gombe, 'ya'yana uku. Kullum ina tashi tun kafin asuba, amma sai na makara wajen aiki. Ga karin kumallo, ga shirya yara, ga abincin rana da ke jirana. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Aikinki na safe, rabinsa na daren jiya ne da ranar Asabar.

Fara da miya, don ita ke cin lokaci. Lokacin da tumatirin noman rani na Dadin Kowa ya cika kasuwa, sayi da yawa, ki haɗa da tattasai da attaruhu a niƙa, ki dafa har ruwan ya tsotse ƙaf, sannan ki soya da mai sosai. Kada ki dogara da firji, kin san halin wutarmu. Ki riƙa ɗumama shi safe da yamma, da cokali busasshe za ki ɗiba. Wani tumatirin kuma a yanka a shanya.

Wake ki surfa, ki busar, a niƙo gari: ƙosai ko alale cikin ɗan lokaci. Gasara ma tana busuwa. Ki dama kunu bayan asuba, ki juye a fulas.

Kayan makaranta a goge su ranar Lahadi. Ɗan shekara 7 zai iya haɗa jakarsa da neman takalminsa tun dare, ko da zai yi ƙorafi.

Maigida fa? Ban ji kin ambace shi ba. Ki same shi cikin raha, ki roƙi ya ɗauki kai yara makaranta.